Gurnanin da ba nawa ba

Kunnen Baba Kyari ya fara tura ƙyaure,
sai ka ɗaga murya kamar mai kira daga bayan duwatsun Birni.
Ga kaset ɗaya a ƙasan adaka,
muryar ƙanensa Tanimun, daga Sabha,
shekara talatin da ɗoriya.
Mai muryar kuwa tuni ƙasa ta rufe masa ido.

Na ce zan haɗa masa ɗan ampli,
wanda zai ɗauko magana ya kai ta har cikin kunne.
Na shiga Kasuwar Dole da jika biyu,
na fito da mataccen rediyo,
da kas mai kunne ɗaya ɗaure da zare,
da dalma kamu guda,
da taransifon da Ma'azu ya rantse bai taɓa ƙonewa ba.

Gwangwanin madara na huda da ƙusa.
Diyod huɗu na jera kamar jarkoki a layin famfo,
kowa da inda ya sa gaba.
Kondansater kuwa, a juye na dasa shi,
ina jona wuta ya kumbura,
ya ce tas!
Takarda a gemuna, hayaƙi a ido.
Inna Falmata ta leƙo daga madafa:
"Wa ke ƙona kifi da tsakar rana?"

Na sake wani. Wannan karon na duba ƙafarsa sau uku.
Fitila ta kama. Na sa kas a kai.
Sai gurnani,
ƙasa-ƙasa, kamar zuma ta tare a cikin tulu,
ba ya hawa, ba ya sauka,
ba ya jin lallashi.

Mita ta ce sha biyu a dama, sha biyu a hagu,
ba ta ga laifin kowa ba.
Na janye taransifo taki guda, ya rage kaɗan.
Na tufke wayoyi kamar igiyar guga, ya ƙara raguwa.
Na ɗora yatsa a gwangwani, ya sauya murya,
wato har ni yana gaisawa da ni.
Kwana huɗu ina bin sa
kafin in gane wayoyin ƙasa ne na watsa ko'ina,
kowace da nata gidan.
Na tattaro su wuri guda, na ɗiga musu dalma,
ƴan uwa a kwano ɗaya.
Shiru.
Irin shirun da har kana jin jininka.

Na sa kaset.
Ga Tanimun yana sallama, yana gyara murya,
ga gurnani a bayansa ya dawo.

Daren nan aka ɗauke wuta daga Zango har Garin Malam.
Na ciro batirin babur, na jona da tocila a baki,
ba taransifo, ba waya a bango,
babu ta inda zai shigo.
Amma yana nan.
Na tsayar da kaset, ya tsaya.
Na sake shi, ya taso.

Da asuba na kai wa Baba, ina ba da haƙuri:
"Akwai ƙara a ciki, a bar ni in tace ta."
Ya danne kas da tafin hannu biyu,
ya daɗe bai ƙifta ba.
Sai ya ce, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa:
"Kar ka taɓa.
Injin ban ruwa ne na gonar da yake gadi.
Ya sha rubuto mini ba ya barin sa barci,
ni kuwa na ce raki ne."

Na zare ƙarfen dalma, na kife shi a kan bulo.
Kaset ya kai ƙarshe ya ce ƙwas.
Baba ya miƙo biro:
"Mayar min da shi farko."