Dami a Kala

Ruwan sama ne ya koro ni shagon, ba son kiɗa ba.
Aberdeen, ranar Talata, ginin dutse duk ya jiƙe ya yi toka-toka,
tsuntsayen teku na kokawa a kan guntun burodi.
Mai shagon, Fergus Rennie, bai ko ɗago ba,
da haɓa ya nuna min kwali:
fam ɗaya-ɗaya, in ka ɗauka kar ka dawo da shi.

Na tsuguna har gwiwa ta yi ƙara.
Faya-fayan da ba mai so suna da warinsu,
warin ɗakin da ya shekara goma a rufe.
Can ƙasa, bayan mawaƙan coci da wani mai koyar da rawa,
sai ga jaka ta takarda, ruwan ƙasa,
an zana fure da biro, furen ya karkace.
Morven Cheyne. Hayar Wata Uku.
A kusurwa an rubuta 212 cikin 300,
hannun ya fara gajiya.

Da daddare na ɗora allura.
Gita ɗaya, tsirkiyar ƙasa ta ɗan saki,
ganga kamar ana buga ƙofar banɗaki,
sannan muryar.
Babu zaƙi. Kaushi gare ta irin na tawul da ya sha rana.
Tana waƙar murhun ɗaki da ya mutu a tsakiyar Janairu,
da yayanta mai aikin mai a teku
da ke dawowa duk mako uku da ƙarin shiru.
A waƙa ta huɗu buta ta yi fito a bayanta.
Ba ta tsaya ba, ba ta sake ɗauka ba.
Na ji murmushinta a cikin baitin,
a nan kam ji ne ya kori gani.

Kwana tara ina juya shi, gaba da baya.
Na sa wa ƙanwata Ishbel ta waya,
ta ce, wannan matar mura take yi?

Na nemi sunan har na gaji.
Layi biyu kawai a wata tsohuwar jarida:
ta yi wasa a bayan wata mashaya, mutum goma sha ɗaya,
biyu daga ciki ma'aikatan wurin ne.
Na koma wurin Fergus.
Ya ce, Morven? Tashar jirgin Shetland, taga ta biyu.
Kamar wanda aka tambaya inda ake sayar da gishiri.

Furfura, tabarau rataye a wuya.
Ta ce, zuwa kawai, ko da dawowa?
Na ce ba inda za ni.
Na ɗaga faifan na jingina da gilashi.
Ta daɗe tana kallo,
kamar wadda ta ga tsohuwar rigarta a jikin baƙo.

Ɗari biyu da sha biyu, in ji ta,
na likitan haƙorina ne wannan. Ashe sayarwa ya yi.
Sauran fa?
Tamanin na ƙarƙashin gado.
Biyu sun tokare injin wanki, don ƙasan ya jirkice.
Na tambaye ta zancen buta.
Ta ce, kuɗin ɗauka ya ƙare, ruwa kuma ya tafasa,
me kake so in yi?

Layi ya taru a bayana,
wani mai kare ya yi gyaran murya har sau biyu.
Ta fito ta ƙofar gefe, ta sa hannu
da biron kamfani, ta koma kujerarta.
Akwai na biyu, ta ce, idonta na kan kwamfuta.
A kaset. Ba wanda ya taɓa ji.
Ya fi wannan muni.
Na gaba!

Na fito, ruwa bai ɗauke ba,
faifan a cikin riga, a kan ƙirji, yana sanyi.
Talata mai zuwa aikin safe gare ta.
Ni ba ni da abin jin kaset,
amma Fergus na da wata tsohuwar rediyo,
maɓallin mayarwa baya ya karye.
Sai da fensir, in ji shi.