Taurari Biyar

Wayata ta ce: Sallau, farar mota, minti huɗu.
Minti ashirin ya yi.
Ya iso da gumi a wuya, carbi na lilo a madubi.
"Afuwa, Hajiya. Layin mai na bi,
ya ƙare a kan wanda ke gabana."

Daga Yelwa zuwa babban asibiti
Garwa na tafasa kamar butar mai shayi.
Na ce a kunna sanyi.
Ya yi dariya, giɓinsa ya leƙo:
"Sanyin ma mai yake sha.
Sauke gilashi, iskar Binuwai kyauta ce,
ita kaɗai ba a sa wa kuɗi ba tukuna."

A bakin titi kwalaben zuwa-zuwa sun yi sahu,
rana ta ratsa su, jawur kamar zoɓo.
Ya nuna su da haɓa:
"Da, jaka biyu ke kai ni magariba.
Yanzu kafin azahar allura ta yi sujada.
Ga Alhaji mai mota, ran Asabar baya jin ciwon kai.
Ga mai manhaja, ban taɓa ganin idonsa ba,
amma kullum tare muke cin tuwo,
kuma shi ke fara sa hannu."

Na ce, "Allah Ya kyauta."
Abin da ake faɗa ke nan daga kujerar baya.

*

Ran Alhamis shi aka sake turo mini.
Wannan karon ƙosai ne a bakinsa:
"Kin lura? Kuɗin bai ƙaru ba,
ƙosan ne ya rame.
Burodi kuma iska aka ɗura masa.
Uwargida ta ce kuɗin cefane
ko bakin kasuwa ba ya kaiwa yake sumewa.
An kusa buɗe lekwal,
Dije na son littafi bakwai, takalminta ya buɗe baki,
mai gida ya aiko yaronsa sau biyu
wai a gaishe ni."

Jandarma ya ɗaga hannu a Rumde Ajiya.
Sallau ya fita da takardu, ya dawo da takardu,
aljihu ne kawai ya sauƙaƙa.
Bai ce komai ba har Pumpumre.

Ni ma ban faɗa masa ba
cewa a jakata akwai takardar likita mai layi biyar,
na saya uku,
na ukun ma da almakashi mai farmasi ya raba shi.

*

Na ƙarshe dare ne, an ɗauke wuta.
A gangare ya kashe inji,
muka sulala shiru kamar kwalekwale.
A cikin shirun ya ce, "Ya jikin tsohuwa?"
Ashe yana ƙirga ranakun asibitin.
Na buɗe baki in ce da sauƙi,
sai lissafi ya zubo:
allura, ƙarin ruwa, gado, bashin ƙanwata.
Ya saurara kamar mai jin karatu.

A ƙofar gida kuɗina suka gaza da dala arba'in.
"Bar shi. Danna mini taurari biyar dai,
ko ba a miya da su."
Na danna.

*

Jiya na kira. Farar motar ce ta zo,
da lotsawar nan a ƙofar hagu,
amma madubi ba carbi,
wani yaro ne, rediyo a ƙure.
"Sallau? Ya ajiye makulli tun wancan sati.
An ce Pitowa ya koma, ban ruwan albasa."

Na ce a rage rediyon.
Na sauke gilashi da kaina.
Dala arba'in ɗinsa na nan a ƙaramin zif,
sau biyu na kai hannu a kasuwa,
sau biyu na janye.