Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Takarda ɗari uku da sittin na raba
a zauren lacca na Tek, fanka na ƙugi.
Tambaya talatin, amsa hawa biyar,
daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai".

Ta goma sha huɗu gajera ce:
"Na san inda na fito."

Serwaa ta kewaye biyar, ko ɗaga kai ba ta yi ba.
Munkaila ɗan Aboabo ya daɗe yana tauna murfin biro,
sannan shi ma ya kewaye biyar,
ya fita neman koko da ƙosai.

Mako biyu muka sake kiransu,
don mudun da za a auna mutum da shi
sai an fara gwada ko gindinsa a lotse yake.

Wannan karo Munkaila ɗaya ya kewaye.
A gefen takarda, da ƙanana kamar tururuwa:
"Ran Talata na je yankar katin ɗan ƙasa.
Aka ce ina garinku, na ce Kumasi.
Matar ta yi murmushi:
ba inda aka yanke cibiyarka ba, garinku.
Kakana jakai ya koro neman goro,
sunan garin ya tafi da haƙoran kakata."

Na'ura ba ta karanta gefen takarda.
Dakta Frimpomaa ta ɗora tabarau a goshi,
ta sa farce kan layin:
"Wannan ba ta tafiya da 'yan'uwanta.
Yau fari, gobe baƙi. Cire ta."
Gaskiyarta, ban musa ba.
Na cire, alƙaluma suka miƙe tsaye
kamar sahun da liman ya juyo ya duba.

Ashirin da tara suka rage, kansu a haɗe.
Aka ce ma'auni ya inganta, aka sa hannu.

Da magariba, a motar Asawasi,
jakata a cinya, takardar Munkaila a ciki,
yaron mota ya ce min Kramo da Tuwi,
na amsa masa da Tuwi, na karɓi canjina,
na waiga na yi wa wata tsohuwa sannu da Hausa.

Ni da na raba ɗari uku da sittin
har yau ban cike ko ɗaya ba.