Butar Iya Dije

Tun kafin ladan ya gyara murya
labari ya riga shi tashi:
wai tanka uku da ake jira ba su iso ba,
wai direba ne ya faɗa wa surukin wani.
"Wai" ba ta da ƙafa,
amma ta riga kowa isa Zango.

Da hantsi layi ya bi kwalta,
ya lanƙwashe kamar hanjin rago,
ya wuce mai shayi, ya wuce mai faci,
kansa a gidan mai, wutsiyarsa na shan rana
a bakin Kasuwar Dole.

Kiyari ya turo moto tun daga Garin Malam,
gumi ya jiƙa bayan rigarsa har ƙugu.
Lita ɗaya yake nema, ɗaya tak,
wadda za ta kai shi magariba ta kawo kuɗin hatsi.
A gabansa wani mai mota, tanki cike har wuya,
ya jera bido shida kamar yaran da za a ɗauka hoto.
"Gobe ba a san ta ba," in ji shi.
Kiyari ya ce, "Ni yau ce ban sani ba."

Iya Dije ba ta da moto, ba ta da inji,
ko keke ba ta taɓa hawa ba.
Ta zo da butar alwala.
Aka ce, "Iya, me za ki zuba wa?"
Ta ce, "Na ga gari na gudu.
In gari na gudu, wa ke tsayawa tambaya?"

A fada, ƙarƙashin bedi,
shayi bai nuna ba, gardama ta nuna.
Mutari ya ce 'yan ruwa-ruwa ne suka ɓoye.
Laminu ya ce a'a, a duba manya.
Wani ya nuna hanyar Tanut da leɓe:
"Matata na can, mu muna nan,
mai rijiya na kwana da ƙishi."
Malam Sha'aibu ya kurɓa, ya aje kofi:
"Ba mai ne ya ƙare ba, natsuwa ce."
Kowa ya gyaɗa kai.
Sai ɗaya bayan ɗaya aka tuna da uzuri,
aka sake haɗuwa a layi, ana sunkuyar da ido.

Kwalbar bakin hanya da safe dala ɗari,
da azahar jika,
da la'asar yaron ba ya faɗin kuɗi
sai ya dubi takalminka.

Ni ma da ke wannan rubutu, kar in yi ƙarya:
biyu na cika, na tura ƙarƙashin gado.
Barira ta ƙi hura wuta a daren,
muka ci rogo da ƙuli, yara na tari,
ɗakin na warin tsorona.

Can dare ya raba, aka buga ƙofa.
Kiyari ne. Ɗiyarsa na zafi kamar garwashi,
asibiti da nisa, moto ta bushe.
Na tsaya bayan ƙyaure, ban amsa ba.
Numfashi ɗaya. Biyu. Uku.
Ina cikin lissafi
Barira ta ratsa ta gefena, bido a hannu,
ko kallona ba ta yi ba.

Ranar Alhamis tankokin suka shigo,
suna nishi, yara na bin su da ihu.
Layi ya narke kamar ba a yi ba.
Mai bido shida na neman mai saye.
Fada ta koma zancen ƙwallo.

Iya Dije kawai ta rage da nata.
Ta wanke butar da toka, da sabulu, da lemun tsami,
ta shanya ta kwana uku a kan danga.
Har yau in ta zo alwala
sai ta sansana, ta yi tsaki,
ta aika a aro ta maƙwabta.