Takarda Biyu a Durham

Yau majalisar jiha ta karanta takarda,
an danna mata hatimi mai ruwan zinare:
wai masana'antar fasahar halittu
ta cika baitulmali, ta ba dubbai abin yi,
ta kai magani inda aka fid da rai.
Manya suka tafa, aka yanka kek,
aka ɗau hoto a gaban tuta.

Ni ina hawa na uku, safar roba a hannu,
ina ciyar da ƙwayoyin da ido ba ya gani.
Su ba ruwansu da hatimi.
Abincinsu ƙarfe shida, ko Lahadi ce,
da ɗumi irin na jikin mutum,
in ba haka ba su yi zuciya su mace.
Shekara tara ke nan ina kiwo a akurkin gilashi.

Delfina mai wanke kwalabe ta leƙo:
"Suwaiba, sun faɗi sunanmu?"
Na ce, "Sun dai ce ma'aikata."
Ta yi dariya, ta miƙo min guntun kek.

Ban ji haushi ba.
Ƙanena Ɗanliti, sikila ta ɗauke shi
bai cika sha ɗaya ba,
ina matsa masa ƙafa har asuba.

A jikin firijinmu akwai wata takarda,
rubutun yaro da fensir, layin duk ya karkace:
"Bana na buga ƙwallo har cikin sanyi,
ƙashina bai yi ciwo ba."
Ba hatimi, ba sa hannun kowa.
Ita nake karantawa
kafin in sa safa.