Daƙiƙa Ashirin da Ɗaya

Shekara arba'in ina cuɗa bayan giwa
da ɓawon kwakwa a bakin kogin Periyar,
ban taɓa tunanin ƙirga fitsarinta ba,
sai da jikata Sreelekha ta dawo hutu
da agogo a wuya da littafi a hammata.

"Kaka, matsa, Ammini za ta yi."
Na matsa. Wa zai ƙi?
Ya ɓarke kamar indararo a tsakiyar damina,
kumfa ta bi ta gindin ayaba.
Ta danna agogo: ashirin da biyu.

Da la'asar akuyar Varkey maƙwabcinmu,
sha tara.
Saniyar bakin haikali, ashirin da huɗu.
Karyar da ke kwana a rumfar mai shayi,
ashirin cif.

Na ce, "Yarinya, kin raina mini hankali.
Randa da moɗa,
ta yaya za su tsiyaye tare?"

Ta sari gora biyu, doguwa da gajera,
ta fasa musu gaɓoɓi, ta tsayar, ta cika da ruwa,
ta cire yatsa daga ƙasa.
Doguwar ta feso har kan ƙafata,
gajerar kuwa sai rarrafe.
"Ruwan da ke sama ne ke danna na ƙasa.
Mafitsarar Ammini ta kai kamu biyu, ga faɗi.
Mai kaya da yawa, an ba ta doguwar gangara.
Ƙasa ce ke ja, Kaka,
giwa sakin jiki kawai take yi."

"To ɓera fa?"
"Shi ba ya cikin lissafi.
Hanyarsa siririya ce, ruwa na manne mata,
ɗigo biyu, uku, kafin ka kifta ya wuce."

Ranar Litinin ta koma Kochi,
ta manta agogon a kan taga,
ko kuwa da gangan ta bari.

Daren jiya sau uku ina fita.
A na ƙarshe na ɗauke shi,
na tsaya a gindin kwakwa, sauro na cin ƙwaurina,
na danna, na jira,
na ƙara jira.
Saba'in da shida, kuma ban ji na gama ba.

Da safe ta bugo waya. "Ka gwada? Nawa?"
Na ce, "Ashirin da ɗaya."
Ta yi shiru.
Ammini ta daina taunar ganye,
ta juyo da ƙaramin idonta ta dube ni.