Rumbun Aro

Ƙarfe biyun dare a Ikeja,
ɗakin injina na hura sanyinsa,
daga ni sai Folahan sai shayin da ya huce.
Cikin jerin korayen fitilu
ɗaya ta rikiɗe ta yi ja.

Shafin Hajiya Tasalla ne, mai goro a Agege.
Shekara shida sunanta na kwana
a wani rumbu can ƙetaren teku,
garin da harshenta bai iya furtawa,
don hayar can ta fi sauƙi.

Na ƙwanƙwasa, shiru.
Na sake, shiru.
Folahan ya miƙo mini wayarsa:
hayaƙi, gada ta durƙusa a ruwa,
turakun lantarki kwance kamar karan dawa bayan girbi.

Akwai wani Nazar a can.
Ban san fuskarsa ba,
na dai san yana rubuta "sanu"
tun ranar da na koya masa gaisuwa,
ban taɓa gyara masa ba.
Jiya ya ce man janareta saura na kwana uku,
ya ce iyalinsa na ƙarƙashin bene,
ya ce, ku kwashe naku tun da sauran hanya.

Muka yi ta ja ta igiyar ƙasan teku,
ɗiban hatsi a rumbu mai cin wuta:
hotunan huhun goro, sunayen masu bashi,
rasit na wani asibiti a Mushin,
jarrabawar yaran da ba su san ana yaƙi ba.
Kashi tamanin da ɗaya.
Nan ya tsaya.

Ashe gizo ma sai da reshe yake saƙa.
Mun ɗauka a iska abin yake,
ashe gini ne, da rufi, da maigadi,
da mutum mai jin yunwa.

Da asuba Hajiya ta kira:
"Sun ce shagona a rufe. Wa ya rufe?"
Danfo na ta hon a waje,
an fara suyar ƙosai a bakin titi.
Na ce, Hajiya, kafin azahar za a buɗe,
mun yi masa mazauni biyu yanzu,
ɗaya nan, ɗaya Lekki.

Ta yi godiya, ta kashe.

Ban faɗa mata
har yanzu ina aika "sannu" duk bayan minti goma
zuwa adireshin da ba ya amsawa ba.